Babi Na Bakwai: Ƙoda, Gishiri, Da 'Yan Aiken Da Ke Cikin Jini

Kafin mu shiga wannan babi, kowa ya tanadi abu huɗu ya zo da su aji: cokalin shayi, wato ƙaramin nan da ake juya shayi da shi, ba na cin shinkafa ba, gishiri kaɗan a ƙulle a takarda, sukari, da ledar fiya wota guda biyu. Wanda ya zo babu cokali zai zauna ne yana kallon wasu.

Za ku ci karo da wasu sunaye na likitoci. Kada gabanku ya faɗi, ba za a ce ku rubuta su da ka ba. An sa su ne don in kun ji su a bakin likita ku san inda aka dosa. Ku karanta a hankali, ku bi layi da yatsa. Wanda kalma ta tsaya masa ya sake ta sau uku, ba abin kunya ba ne.

Darasi Na 1: Ina ƙoda take, kuma me take yi?

Ku miƙe tsaye. Kowa ya kai hannuwansa biyu baya, ya dafa daidai inda haƙarƙarinsa na ƙarshe ya tsaya, dama da hagu da ƙashin baya. Nan ƙoda take, guda biyu, kowace kamar dunƙulen hannun mai ita. Wanda ya taɓa sayen kayan ciki wajen mahauci ya ga ƙodar rago, ja mai duhu, siffarta kamar ƙwayar wake. Tamu ma haka take.

Ƙoda daban, mafitsara daban. A nan ake yawan ruɗewa. Ƙoda ita ke yin fitsari. Mafitsara jaka ce kawai a mara, inda fitsarin ke taruwa kafin a fitar da shi.

Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, kuma yana ratsa ƙoda ba dare ba rana. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, ido ba ya ganinsu. A kwana ɗaya suna tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini. Lita 180 jarka tara ke nan, irin mai cin lita 20. Wani zai ce, Malam, ai ka ce jinin lita 5 ne, ina aka samo 180? Jinin nan ɗaya ne yake ta dawowa yana sake wucewa, kamar mace mai tankaɗe da ke mayar da gari a rariya tana sakewa.

To cikin jarka taran nan, nawa ne ke fita fitsari? Wajen lita ɗaya da rabi, kamar ledar fiya wota uku. Sauran duka ƙoda tana mayar da shi cikin jini. Haka ma gishiri. Wajen kilo ɗaya da rabi ne ke bi ta matatan nan kullum, ta wannan hanya ta zagayawa, amma ƙoda tana maido da kusan dukansa, ta saki 'yan giram kaɗan, gwargwadon abin da mutum ya ci.

Wa ke gaya mata ta riƙe kaza, ta saki kaza? Ƙoda ba ta ganin rana, ba ta san ana azumi ba, ba ta san yaro ya kwana yana gudawa ba. Akwai sinadarai da wasu sassan jiki ke zubawa a cikin jini, jini ya kai su inda aka aike su. Likitoci suna ce musu homon. A littafin nan za mu ce musu 'yan aike.

Aikin yi: ku yanka tumatir ko gurji, ku barbaɗa masa gishiri, ku ajiye minti goma. Za ku ga ruwa ya tsatsafo a kansa. Gishirin ne ya jawo shi. Yanzu kowa ya rubuta wannan a littafinsa da manyan baƙaƙe: RUWA YANA BIN GISHIRI. Duk inda ƙoda ta riƙe gishiri, ruwa zai zauna. Duk inda ta sake shi, ruwa zai bi shi waje.

Darasi Na 2: Ɗan aiken ruwa

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da ba ta kai girman gujiya ba, sunanta fituwitari. A samanta akwai wani sashe na ƙwaƙwalwa wanda aikinsa ɗanɗana jini, kamar yadda uwargida ke ɗanɗana miya. Idan mutum ya yi gumi bai sha ruwa ba, jininsa yakan zama kamar miyar da ta daɗe a wuta: ba a ƙara mata gishiri ba, amma ruwa ya tsotse, gishiri ya fito. Da ƙwaƙwalwa ta ji haka sai ta yi abu biyu. Ta sa ka ji ƙishirwa. Sannan ta sa fituwitari ta saki ɗan aike mai suna ADH. Baƙaƙe uku ne, ku faɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Saƙon ADH ga ƙoda shi ne ta riƙe ruwa. Idan ya iso, sai 'yan ƙananan ƙofofi su buɗe a bututun ƙarshe na matatan nan, ruwa ya koma cikin jini. Fitsari sai ya fito kaɗan, mai duhu kamar ruwan shayi, mai ƙarfin wari.

Duk wanda ya yi azumi a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ya san wannan fitsarin na bayan la'asar. Ba cuta ba ce, ADH ne ke aikinsa. Haka fitsarin farko na asuba, domin jiki yana ƙara sakin ADH da dare don mutum ya samu barci. Sai dai riƙon yana da iyaka. Dole ƙoda ta fitar da wajen rabin lita a rana don ta wanke dattin jini. Idan ruwan bai samu ba, datti ya fara taruwa.

Yanzu a juya. Mutum ya kwankwaɗi lita ɗaya da rabi a zama ɗaya lokacin sahur, wai yana ajiya. Jini ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta daina aika ADH, ƙofofin nan suka rufe. Kafin hantsi mafi yawan ruwan ya fita, fitsari fari tas. Jiki ba randa ba ne. A raba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur, kofi ɗaya yanzu, kofi ɗaya an jima. Kuma a rage abinci mai gishiri da sahur, don shi ke taso da ƙishirwa tun da safe.

Giya tana hana sakin ADH, shi ya sa mashayi yake ta fitsari kuma ya tashi maƙogwaro a bushe.

Ku riƙa duba launin fitsarinku. Ruwan ɗorawa mai haske, lafiya lau. Mai duhu, a ƙara ruwa. Amma ku sani wasu magunguna suna rina shi: bitamin B yana sa shi ya yi ɗorawa shar, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka kuma yana sa shi ja-ja. Wanda kuwa ke fitsari da yawa dare da rana, ga ƙishirwa ba ta yankewa, ya je a gwada masa sukari. Yawanci ciwon sukari ne. Jefi-jefi kuma rashin ADH ne, misali bayan mummunan bugu a kai.

Darasi Na 3: Ɗan aiken gishiri

Wannan ya fi na baya tsawo, don aiken yana bi ta hannu uku. Ku bi shi sannu a hankali.

A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke zaune kamar hula. Likitoci suna ce mata adirenal, mu kuma mu ce hular ƙoda.

Hannu na farko: ƙoda tana jin ƙarfin jinin da ke shigo mata. Idan ya ragu, saboda gudawa, ko amai, ko zubar jini wajen haihuwa, ko gumi mai yawa, sai ta saki sinadari mai suna renin.

Hannu na biyu: renin ya haɗu da wani sinadari da hanta ke zubawa a jini, ya yanke shi. Jini ya kai yankakken huhu, a can aka ƙarasa gyara shi, ya zama anjiyotensin. Shi wannan ba ya wasa. Yana matse jijiyoyin jini su ƙuntace, kamar yadda yaro ke danne bakin tiyo ruwa ya yi ƙarfi. Yana ƙara ƙishirwa. Sannan ya je ya tashi hular ƙoda.

Hannu na uku: hular ƙoda ta saki aldosteron. Saƙonsa ga ƙoda shi ne ta riƙe gishiri. Me kuka rubuta a darasi na farko? Ruwa yana bin gishiri. Don haka ruwa ya zauna, jini ya ƙaru, ƙarfinsa ya dawo.

Abu ɗaya za a ƙara. Abin da ke cikin gishirin miya wanda jiki ke lissafi da shi sunansa sodiyam. Akwai ɗan'uwansa fotasiyam, wanda ake samu a ayaba, wake, dankali, lemo, dabino da ganyaye. Aldosteron musaya yake yi: ya riƙe sodiyam, ya saki fotasiyam a fitsari. Fotasiyam in ya yi ƙasa, gaɓoɓi su saki, mutum ya kasa tashi. In ya yi yawa, yana iya tsayar da zuciya. A takardar gwajin jini, sodiyam daidai yana tsakanin 135 da 145, fotasiyam tsakanin 3.5 da 5.

Akwai kuma mai taka birki. Idan ruwa ya yi yawa a jini, ɗakunan sama na zuciya suna buɗewa fiye da ƙima, sai zuciya da kanta ta saki ɗan aike mai suna ANP, ya ce wa ƙoda ta saki gishiri. Gishiri ya fita, ruwa ya bi shi.

Darasi Na 4: Haɗa ruwan gishiri da sukari

Ku fito da cokulanku.

Yaro ya fara gudawa. Ruwa yana fita, gishiri yana fita. ADH ya iso ƙoda, aldosteron ya iso, duka suna cewa a riƙe. Ƙoda ta riƙe iyakar ƙarfinta, shi ya sa fitsarin yaron ya ragu. Amma ƙoda ba ta ƙirƙirar ruwa, ba ta ƙirƙirar gishiri. Abin da ke nan kawai take iya tsarewa. Idan ba a mayar ta baki ba, jinin da ke zuwa mata zai yi ta raguwa har ita ma ta samu rauni. Mayarwar nan aikinku ne, kuma dole a mayar daidai.

Abin da ya fi shi ne fakitin ORS, wato garin gishiri da sukari da aka riga aka auna, na asibiti ko kemis, domin a cikinsa har da fotasiyam. A duba bayan fakitin a ga yawan ruwan da aka rubuta. Yawanci lita 1 ne. A juye fakitin duka a cikin ruwan duka. Ba a raba fakiti biyu don tsimi, ba a juye shi a kofi ɗaya wai don ya yi ƙarfi. Wanda bai iya karanta bayan fakiti ba tukuna, ya ce mai kemis ya karanta masa kafin ya bar shagon.

Idan dare ne, ko ƙauye ne babu fakiti, ga haɗin gida.

A wanke hannu da sabulu. A samo kwano mai tsabta mai murfi. A zuba ruwa mai tsabta lita 1. Ledar fiya wota da aka rubuta wa 50cl rabin lita ce, don haka biyu ake so. A duba rubutun, akwai masu 60cl. In ruwan rijiya ne, a tafasa shi, a bari ya huce, sannan a auna.

Sukari: cokalin shayi shida, a shafe.

Gishiri: rabin cokalin shayi, a shafe.

Ku tsaya nan. Wannan layin na gishiri shi ne inda mafi yawan masu koyo ke faɗuwa, har waɗanda suka iya karatu sosai, don haka za mu daɗe a kansa.

Mene ne a shafe? Ku tsoma cokali cikin gishiri ku ɗago. Kun ga ya yi tozo a sama? Wannan tozon ba a so. Ku ɗauki bayan wuƙa, ko tsinke mai tsabta, ku bi ta kan bakin cokalin ku share tozon, har gishirin ya yi daidai da bakin cokali, kamar yadda mai awo ke shafe mudu. Wannan shi ne cokali ɗaya a shafe. Amma ba ɗaya ake so ba, rabi ake so. Ku sa tsinken ku ja layi a tsakiyar gishirin, daga wajen mariƙi zuwa bakin cokali. Yanzu kashi biyu ne, dama da hagu. Ku ture kashi ɗaya ya koma takarda. Abin da ya rage shi ne rabin cokali a shafe. Shi za a zuba.

Kowa ya yi sau biyar yanzu. A ɗebo, a shafe, a raba, a ture rabi. In hannu yana rawa ba komai, a zubar a sake. Na biyar zai fi na farko kyau.

Kurakurai uku ne ake yi. Na farko, ɗaukar babban cokali. Babban cokali ɗaya cokalin shayi uku ne, don haka rabinsa ya ninka abin da ake so sau uku. Na biyu, barin tozo. Cokali mai tozo yana iya cin ninki biyu na wanda aka shafe. Na uku, kuma shi ne mafi muni, juya lambobin: a sa gishiri shida, sukari rabi. Ga yadda za ku tuna: mai daɗi shi ne mai yawa. Sukari shida. Gishiri rabi.

Me zai faru in gishiri ya yi yawa? Ku koma ga tumatirin nan da ya tsatsafo da ruwa. Gishirin da ya yi yawa a jinin yaro yana jawo ruwa daga cikin naman jikinsa, har daga ƙwaƙwalwa. Ƙodar jariri kuma ba ta ƙware wajen fitar da rarar gishiri kamar ta babba ba. Sai yaro ya fara kuka mai tsanani, ya sandare, ya yi jijjiga, a ce iska ce ko mayu, alhali cokali ne aka cika. Ba don a tsorata ku ake faɗa ba. Rabin cokali a shafe ba ya cutar da kowa.

Wata za ta ce, to Malam, in haka ne bari in bar gishirin gaba ɗaya, in ba shi ruwa zalla. A'a, Malama. Yaron yana zubar da gishiri, ADH kuma yana riƙe duk ruwan da ya shiga. Ruwa zalla mai yawa zai tsinka ɗan gishirin da ya rage, shi ma yana kawo kasala da jijjiga. Sukarin ma ba don zaƙi aka sa shi ba. A cikin hanji, sukari da gishiri tare suke shiga jini ta ƙofa ɗaya, ruwa ya biyo bayansu. In sukari ya wuce shida kuma, sai ya jawo ruwa zuwa cikin hanji gudawar ta ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbin wannan haɗi.

A juya har komai ya narke. Sannan uwa ta ɗanɗana kafin ta ba yaro. Kada gishirinsa ya wuce na hawaye. In ya wuce, a zubar a sake sabo. Kada a ce za a ƙara ruwa a gyara, awo ya riga ya ɓace. Asarar sukari cokali shida ba ta kai kwana a asibiti ba.

Yadda ake bayarwa: bayan kowace gudawa, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi, wato mililita 50 zuwa 100. Daga shekara 2 zuwa 10, rabin kofi zuwa kofi ɗaya, mililita 100 zuwa 200. Babba ya sha iya yadda yake so. Da cokali ake ba ƙaramin yaro, kaɗan-kaɗan, ba a ɗura masa. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Ba a daina ba da nono. Haɗin da ya kwana ya wuni, wato awa 24, a zubar. A nemi ƙwayar zinc: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba miligiram 10.

In ma'aikaciyar lafiya ta garinku ta koya muku wani awo da kwalba da nata cokalin, ku bi nata daga farko har ƙarshe, ko ku bi wannan daga farko har ƙarshe. Kada a ɗauki ruwan wancan a haɗa da gishirin wannan.

Alamar cewa aiki yana ci: fitsari ya dawo, ya fara haske. A tafi asibiti ba tare da jira ba idan yaro ya yi awa 6 zuwa 8 babu fitsari, ko idanu sun faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a bayan gida, ko gudawar kamar ruwan wankin shinkafa ce. Yaro mai tamowa ma asibiti za a kai shi, nasa haɗin daban ne. A ci gaba da ba shi a hanya.

Ku rufe littafi. Sukari nawa? Gishiri nawa? Da wane cokali? Wanda ya ce gishiri cokali ɗaya ya sake ɗaukar tsinkensa.

Darasi Na 5: Gishirin tukunya

Cokalin nan dai shi za mu sake ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a rana. Giram 5 bai cika cokalin shayi ɗaya a shafe ba. Na yini guda ke nan, safe da rana da dare, ba na kwano ɗaya ba. A shafe. Har yanzu akwai masu ɗebowa da tozo su ce ɗaya ne. Haba jama'a, an yi wannan sau nawa?

Idan kullum gishiri yana wuce haka, jiki yana rage renin da aldosteron, ANP yana ta aiki, amma a jikin mutane da yawa ƙoda ba ta iya fitar da rarar sai ƙarfin jini ya hau. Hawan jini ke nan, 140 bisa 90 ko sama. Shi kuma hawan jini yana lalata 'yan matatan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ciwo ba alama, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Gishiri ba wanda aka gani fari kaɗai ba ne. Dunƙulen magi kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Farin magi yana da sodiyam. Haka garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara, da yajin tsire, da kilishi, da kifin gwangwani. Matar da ta jefa dunƙule takwas a miya ta ce ai ba ta sa gishiri ba, ta sa.

Sai kanwa. Da Turanci ana ce mata fotash, shi ya sa wasu ke zaton fotasiyam ce. Mafi yawanta sodiyam ne, ƙoda kuma lissafin gishiri take yi mata. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Dalilin a fili yake ga wanda ya bi darasi na uku. Mai ciki jikinta ya riga ya tara ruwa da gishiri na wata tara. Bayan haihuwa lokacin saukewa ne. Ana cikin haka a riƙa ɗura mata kanwa safe da yamma, ruwa ya ƙi fita, zuciya ta gaji. Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, ba raina al'ada ake yi ba. Mai jego in ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, ba ƙarin kunu take buƙata ba, asibiti za a kai ta.

A rage gishiri sannu a hankali, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da attarugu suna ɗaga miya. Kada a ajiye gishiri kusa da kwano ana ci ana barbaɗawa.

Darasi Na 6: Magunguna

Diclofenac, ibuprofen, piroxicam, da haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda: waɗannan suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna sa a riƙe gishiri. Lebura ya wuni a rana yana gumi, ko mai gudawa, ya sha su, ya haɗa wa ƙodarsa zafi biyu. An sha faɗa, ba a ji.

Lisinopril da losartan, magungunan hawan jini, suna tare hanyar anjiyotensin. Spironolactone yana tare aldosteron. Masu shan su su riƙa gwada fotasiyam da aikin ƙoda, kuma in amai da gudawa ya kama su, su tuntuɓi likita a ranar, ya ce a ci gaba ko a dakata. Mai ciki ba ta shan lisinopril ko losartan. Furosemide yana sa ƙoda ta saki gishiri, fitsari ya yawaita, don haka da safe ake shansa.

Ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone da prednisolone kwaikwayon wani ɗan aike ne na hular ƙoda. Suna kumbura fuska, suna tayar da hawan jini da sukari. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin hular ƙodarsa ta yi barci, ƙarfin jininsa yana iya faɗuwa. Likita ne zai rage masa a hankali.

Darasi Na 7: Saƙon da ƙoda ke aikawa

Ƙoda ma tana da nata aiken. Tana aika wa ɓargo ya yi jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda yake ɗashewa. Ita ke ƙarasa gyara bitamin D don ƙashi ya yi ƙarfi.

Darasi Na 8: Gwaji

A auna hawan jini a kai a kai. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya gwada fitsari da jini don aikin ƙoda sau ɗaya a shekara. Kumburin fuska da safe, fitsari mai kumfa, ko raguwar fitsari, a je asibiti. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwan sha saboda ƙoda ko zuciya, maganar likitansa zai bi, ba ta darasi na biyu ba.

Aikin gida: kowa ya haɗa lita ɗaya a gaban wani babba na gidansu, ya sa shi ya ɗanɗana. Mako mai zuwa a zo da cokali da tsinke, ɗaya bayan ɗaya za a fito gaban allo a auna rabin cokalin gishiri.